Yadda za ka hana suga faɗuwa da asuba, abin da muka koya a kan Babanmu

Wata asuba cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa kowa ya jawo katifa tsakar gida, Inna ta buga min ƙofa tun ba a yi kiran assalatu ba. "Taho ka gani, babanku ba shi gane kowa." Na fito a guje na tarar da Baba zaune bakin katifa, riga ta jiƙe sharkaf kamar an juye masa bokiti, hannu na ta rawa, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba, maganar ma ba ta fita daidai. Mutumin da ko tsawa ban taɓa ji ya yi wa Inna ba, ranar har ture ta ya yi. Gwaggo ta ce iska ce a kawo garwashi da habbatussauda, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta zo. Allah Ya taimake mu maƙwabcinmu nas ne, ya shigo da 'yar mitarsa ta gwajin suga ya soki yatsan Baba, sai ga 46, suga ya faɗi ƙasa sosai. Ya ce maza a dama suga a ruwa tunda yana iya haɗiya. Ba a yi minti ashirin ba Baba ya ɗago ya dube mu ya ce, "Mi kunka taru kuna yi nan?"

Abin da ya fi ci min rai daga baya shi ne da idonmu aka haɗa abin tun dare. Kwana huɗu kafin nan an gwada shi a kemis an ga 230, hankalinsa ya tashi, ya yanke wa kansa hukuncin daina tuwon dare sai ɗan kwaɗon zogale kurum, amma ƙwayar maganin sugansa mai suna Daonil tana nan safe da yamma ba fashi, ga kuma wani jiƙo da abokin majalisarsa ya kawo masa a gora. Mu kuma muna ta yabonsa wai Baba ya fara kiyayewa. Duk mai ciwon suga a garin nan tsoron hawa aka koya masa, kar ka ci wannan kar ka sha wancan, ba mai gaya masa cewa hawan suga galibi a hankali yake cin mutum shekara da shekaru, faɗuwarsa kuwa dare ɗaya ya ishe ta. Shekara shida ke nan ni ke raka shi ganin likita, to ga abin da na tattara, bi da bi.

Kafin komai ka gane abin da ke faruwa cikin dare. Mu nan tuwo tsakanin magariba da isha'i ake cinsa, wajen ƙarfe 7 zuwa 8, karin kumallo kuwa sai 8 ko 9 na safe, wani ma sai hantsi ya dubi ludayi. Ka lissafa, awa 12 zuwa 14 ke nan ba abin da ya shiga ciki. Mai lafiya ba ruwansa, domin hanta tana da rumbu, tana tara suga da rana ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da dare, jikinsa kuma da kansa yake rage insulin in ya ga suga ya fara ƙasa. Insulin ɗin nan shi ne ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka da sauran jiki. To shi mai shan magani, allurar da ya yi ko ƙwayar da ya haɗiya ba ta san ya ci ko bai ci ba, aikinta kawai take, ta yi ta kwashe sugan har rumbun hanta ya kasa cike gurbin, kuma galibi tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa asuba abin ke kaiwa maƙura, lokacin mutum na barci ba ya jin gargaɗin da jiki ke masa. Ita ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, daga jini take ci kai tsaye, da ya yanke sai ta rikice, shi ne abin da Gwaggo ta gani ta ce iska.

Mataki na farko, ka mallaki mita ka kuma haddace lambobi biyu. Ƙasa da 70 suga ya faɗi, a yi wani abu yanzu-yanzu ko da mutum na cewa lafiyarsa lau. Ƙasa da 54 abin ya yi tsanani. Wasu mitocin ƙananan lambobi suke bayarwa masu ɗigo, a irinsu 70 ita ce 3.9, 54 kuma ita ce 3.0, in ka ninka ƙaramar lambar sau 18 sai ta ba ka babbar. Abin da ake so da safe kafin a ci komai ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130, tsoho kuma likita kan sassauta masa ya bar shi ɗan sama, don ga tsoho faɗuwa ta fi ɗan hawa haɗari. Wurin saye, ko Accu-Chek ce ko Fine Test ko On Call Plus, ka fara tambaya wacce ce ake samun tsinkenta a kemis ɗin unguwarku, don mita mai kyau da ba tsinke kwalliya ce kawai. Kar ka bar robar tsinken a mota ko inda rana ke duka, zafin nan namu yana lalata su. Kuma a wanke hannu da sabulu a bushe kafin a soka, wanda ya taɓa dabino ko mangwaro ya gwada haka nan mita za ta nuna masa sama alhali yana ƙasa.

Alamomin da za su nuna maka an faɗi cikin dare ba a sani ba: tashi da ciwon kai, gajiya kamar an kwana ana dukanka, mugun mafarki ko surutai da firgita cikin barci, matashin kai da zanin gado a jiƙe. Na san za ka ce wa ke kwana bai yi gumi ba a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, ga ba wuta. Gaskiya ne. Amma wannan gumin daban yake, taɓa fatar za ka ji ta sanyi da danƙo, kuma yakan zo da bugun zuciya da rawar jiki da wata irin yunwa ta fitar hankali. In ana kokwanto a gwada kawai, tsinke ɗaya ne.

Mataki na biyu, ɗauko ledar magungunan ka karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don ba duk maganin suga ke kayar da shi ba. Metformin, wanda aka fi sani da Glucophage, in shi kaɗai ake sha da wuya ya jawo faɗuwa. Masu yin wannan aikin su ne allurar insulin kowace iri, sai dangin ƙwayoyin da ke matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, wato glibenclamide mai suna Daonil, da glimepiride mai suna Amaryl, da gliclazide mai suna Diamicron. Ka lura da Glucovance, haɗi ne na metformin da glibenclamide a ƙwaya ɗaya, mutane da yawa ba su san suna shan na biyun ba. Shi Daonil yana daɗewa a jiki, yana iya kaiwa awa 24 yana aiki, ga araha shi ya sa ya cika gari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Baba yana da 68 a lokacin. In naka tsohon yana kansa, ba cewa na yi ka jefar ba, ka ɗauki kwalin ka je wa likita da wannan tambayar takamaimai. Rage magani ko canza shi aikin likita ne, naka shi ne ka kai masa labari cikakke.

Mataki na uku shi ne wanda da mun san shi da ba a tashi Gwaggo neman garwashi ba: abincin dare ba ya faɗuwa muddin an sha magani ko an yi allura. Rage yawa daban, tsallakewa daban. In tuwon ya yi yawa a rage malmala, a ƙara miya da ganye da ɗan nama ko wake, amma dole a samu wani abu na hatsi a ciki, tuwon dawa ne ko na gero ko shinkafa daidai gwargwado, kuma a riƙa ci kusan lokaci ɗaya kullum. Kwaɗon zogale ko na rama abinci ne mai kyau amma shi kaɗai ba zai riƙe wanda ya sha Daonil har asuba ba. Ranar da kuma mutum ba ya jin cin abinci, zazzaɓi ne ko amai ko gudawa ko ɓacin rai, wannan ranar ce ta kiran likita ko nas a tambaya ya za a yi da maganin yau, ba a haɗiye shi a kan ciki wayam don an saba ba. Mai allura kuma kar ya daina allurar gaba ɗaya da kansa don bai ci ba, wannan ma wani ramin ne, a tambaya.

Daga nan sai gwajin kwanciya. Bayan isha'i an gama hira za a kwanta, a soki yatsa. Ga mai allura ko mai shan waɗancan ƙwayoyin, in aka ga ƙasa da 100 kar a kwanta haka, a ɗan taɓa wani abu. Likitanka na iya ba ka wata lambar da ta fi wannan dacewa da kai, ka bi tasa. Abin taɓawar kuma ba lemo ko alewa ba, waɗannan hawa suke da sauri su sauka da sauri su bar ka a tsakiyar dare. Ana son mai tafiya a hankali: yankan burodi ɗaya da dafaffen ƙwai ko 'yar gyaɗa, ko ƙosai uku, ko rabin kofin kindirmo da ɗan gutsuren hura ba suga, ko ɗan alala. Kaɗan fa, ba wai a sake bajewa a ci tuwo na biyu ba. Kuma in ka ga kullum sai an yi wannan cin kafin a kai safe lafiya, to maganin ne ya yi yawa, ba cikin ne ya yi kaɗan ba, a koma wa likita.

Mataki na huɗu yana da wahala amma shi ke tona asiri. Ka sa ƙararrawar waya ƙarfe 3 na dare, dare biyu ko uku a jere, ka tashi ka gwada. Masu tashi tahajjud sun huta, dama suna farke. Ka samu ɗan littafi na 'yan makaranta ka ja layi: kwanan wata, lambar kwanciya, ta ƙarfe 3, ta asuba, abin da aka ci da dare, lokacin magani, da aikin da aka yi ranar. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan, akwai masu tashi da safe su ga 180 ko 200 sai su ƙara allurar dare da kansu, alhali ba su san me ya faru ƙarfe 3 ba. Jiki dama yana sakin suga gab da asuba don shirin tashi, wani kuma ya farka cikin dare da yunwa ya sha abin zaƙi ya koma barci ya manta. Lambar safe kaɗai ba ta ba da labarin dare. Wanda ƙarfe 3 yake 65 ya kuma ƙara allura saboda lambar safe, ka ga inda aka dosa.

Mataki na biyar, ka sa ido a ranar da aka yi aikin ƙarfi. Tsokar da ta wahala da rana tana ci gaba da zuƙar suga har cikin dare, wani lokaci har awa 24 bayan an gama, tana mayar da abin da ta kashe. Mai ban ruwan albasa a fadamar Kwalkwalawa ko Wurno, mai dako a kasuwar Kara, wanda ya yi huɗa da damina, matar da ta wuni daka da wanki ranar biki, saurayin da ya buga ƙwallo bayan la'asar, duk daren wannan ranar ba irin sauran ba ne. A ƙara ɗan abinci da dare, a yi gwajin kwanciya ba fashi, in da hali a yi na ƙarfe 3. Kuma tun farkon damina ko farkon noman rani a gaya wa likita aiki zai ƙaru, don maganin da ya dace da mai zaman shago ba shi ne na mai riƙe da galma ba.

Mataki na shida, rufe tazarar da ke tsakanin magani da karin kumallo. Wannan ita ce faɗuwar hantsi, kuma na fi ganinta wurin 'yan kasuwa da ma'aikata. An dawo masallaci an haɗiyi ƙwaya ko an yi allura, koko bai iso ba, yaron da aka aika sayen ƙosai ya tsaya wasa, sai a ce bari in buɗe shago in ci a can, a hau kabu-kabu, a Sabuwar Kasuwa kuma ciniki ya buɗe, sai ƙarfe 11 mutum ya fara ganin duhu-duhu yana yi wa mai saye faɗa ba dalili. Dokar gidanmu yanzu ɗaya ce: ba a taɓa magani sai abinci na gaban mutum, ana ganinsa da ido. Daonil da danginsa da abinci ake sha ko gab da ci. Allurar insulin mai suna Mixtard wajen minti 30 kafin ci ake yi, to a tabbata ɗumamen yana kan wuta kafin a soka. Shayi ba suga ba madara ba karin kumallo ba ne. Masu zuwa asibiti gwajin jini na kafin cin abinci su ma su kula, a tafi da abincin da maganin a leda, in an ɗibi jinin a ci a sha, ba a sha magani a gida a je a bi layi har azahar ba. Direba da ɗan kabu-kabu kuwa, gwaji kafin a tada inji, in bai kai 90 ba a ci wani abu tukun.

Masu allura ku tsaya nan kaɗan, naku ya fi yawa. Mixtard ƙarfinta ya fi yawa awa 2 zuwa 8 bayan an yi, wata insulin ɗin mai suna Insulatard kuma awa 4 zuwa 12, to wanda ya yi da magariba ya lissafa da kansa inda ƙarfin zai same shi. Su biyun nan masu gari-gari ne kamar tsinkakken nono, sai an murza kwalbar a tafin hannu a hankali har ta haɗe kafin a ja, in ba haka ba yau ka ja mai rauni gobe mai ƙarfi. Sai sirinji. Duba jikin kwalba, duba jikin sirinji, in kwalba ta ce U-100, wato awon ƙarfin insulin ɗin, dole sirinji ya ce U-100. Wanda ya zuba insulin U-100 a sirinjin U-40 ya ja zuwa 10, a zahiri 25 ya yi wa kansa, ninki biyu da rabi, kuma a ido ba za ka ga bambanci ba. Tsohon da idonsa ya yi rauni a samu mai ja masa. A riƙa canza wurin soka, don wurin da aka dama yakan yi ƙullutu ya riƙa shan maganin yadda ya ga dama, ranar da ka koma sabon wuri sai allurar ta fi ƙarfi. Kar a yi wanka da ruwan zafi daga yin allura, yana hanzarta ta. Sannan ajiya: zafi na kashe ƙarfin insulin, mutum ya ga suga na hawa ya yi ta ƙarawa, ranar da ya buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi ya yi wancan adadin sai a kwashe shi. In firij ba tabbas saboda wuta, a sa kwalbar a roba mai murfi a ajiye a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, kar kuma a bari ta daskare a firiza.

Mataki na bakwai, duk abin da zai shiga bakin mai ciwon suga da sunan magani a sanar da likita. Jiƙon shuwaka, garahuni, ganyen dogon yaro, garin da aka saya a bayan mota mai lasifika, ni ba gardamar ko suna aiki nake ba, matsalar ita ce ba wanda ya san awonsu kuma ana ɗora su a kan na asibiti. Wani ma ba ka san me aka zuba ba. A Singafo a 2008 mutum wajen 150 da ba su da ciwon suga aka kwantar saboda faɗuwar suga, aka bincika aka tarar maganin ƙarfin maza na bayan fage suka sha wanda aka cakuɗa da glibenclamide, wasu har suka rasu. Na asibiti ma akwai masu ƙara wa Daonil da danginsa kaifi: Septrin, da cipro ɗin nan da kowa ke saye da ya ji zazzaɓi ya ce taifod ne. Kwinin na maleriya shi kansa yana kayar da suga, maleriya mai tsanani ma haka, musamman ga yara da masu juna biyu. Maganin hawan jini irin propranolol da atenolol kuma yana ɓoye bugun zuciya da rawar jiki, sai gumi kawai ya rage a matsayin alama. Giya, na san ba a son a faɗa a garin Shehu amma akwai masu sha a ɓoye, tana hana hanta sakin suga cikin dare, ga mai allura wannan ganganci ne. Abu na ƙarshe a nan ƙoda. Ita ke fitar da maganin daga jiki, in ta fara rauni sai ya taru. Wanda ya yi shekaru sugansa na sama kwatsam ya fara faɗuwa ba a canza komai ba, kar a yi murna wai ya warke, a gwada ƙoda.

Azumi. Na Ramadan kowa na shiri, amma na Litinin da Alhamis da Sitta Shawwal tsofaffinmu a ɓoye suke yi, a yi sahur da dabino uku da ruwa a haɗiyi cikakken maganin safe. Ka tambayi naka kai tsaye. Kafin Ramadan a ga likita tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban ya sake tsara lokutan magani, a jinkirta sahur wanda dama shi ne sunna, a ci mai riƙe ciki. Gwajin yatsa ba ya karya azumi, malamai da dama sun yi bayanin haka. In mita ta nuna ƙasa da 70, ko sama da 300, a sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba, a rama daga baya in an samu lafiya.

To in duk da haka ya faɗi fa? In mutum na farke yana iya haɗiya, a ba shi gram 15 na suga mai saurin shiga jini. A aikace shi ne babban cokali ɗaya cike da suga a dama a ɗan ruwa, ko cokalin zuma, ko suga mai ƙwaya guda huɗu, ko rabin ƙaramar kwalbar Coke ko Fanta, ba mai rubutun Zero ba don wannan ba suga a ciki. In ba komai sai dabino a ba da uku. Hura da nono, madara, cakulan, ƙosai, ba yanzu ba, maiƙonsu na rage gudu. A duba agogo minti 15 a sake gwadawa, in har yanzu ƙasa da 70 a maimaita. Wurin nan ake kuskure, tsoro ya sa a ɗura masa kwalba biyu da kofin shayi mai suga biyar, zuwa azahar yana 350. Da ya haura 70 sai a kawo abinci na gaske, ɗumame ko koko da ƙosai ko burodi da ƙwai, shi ne zai riƙe shi. In ba mita a kusa kuma alamun sun nuna, a ba da sugan kawai, cokali ɗaya ba zai yi wa mai hawan suga wata illa ba amma zai ceci wanda ya faɗi.

In kuwa ya suma, ko yana fizge-fizge, ko ba ya iya haɗiya, ba a ɗura masa komai, ba ruwa ba zuma ba rubutu, huhu zai tafi. Ba a cusa cokali a baki. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota, a ɗauki ledar magungunansa a tafi asibiti mafi kusa, addu'a a yi ta a hanya. A cikin gari akwai imajansi na UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da na asibitin Specialist, amma wanda ke Tambuwal ko Gwadabawa ko Illela kar ya ce sai Sakkwato, babban asibitin garinsu ya fara nufa. Kalmar farko da za ka faɗa a bakin ƙofa ita ce mai ciwon suga ne, ga abin da yake sha, sai su gwada su sa masa ruwan suga ta jijiya. Akwai wata allurar gaggawa mai suna glucagon da ake yi a gida, ba kasafai ake samunta a nan ba, amma mai allurar insulin ya tambayi likitansa.

Kuma farfaɗowa ba ita ce ƙarshe ba in Daonil ne ko danginsa. Mu ranar mun ɗauka shikenan, Baba ya ci ɗumame har ya fita ƙofar gida, ƙarfe 11 sai ga shi ya sake komawa 58, don ƙwayar tana nan a jini tana aikinta. Sai da ya kwana a asibiti. Don haka ranar da abin ya faru a ga likita a ranar, kar a sha na gaba sai an ji daga bakinsa, kuma kar a bar mutum shi kaɗai. Wanda ya cika faɗuwa ma jikinsa yakan daina ba shi gargaɗi, daga hira sai suma, irin wannan a gaya wa likita da wuri don ya sassauta maganin na ɗan lokaci.

Masu tambaya ni ba ni da ciwon suga amma ina tashi da rawar jiki da jiri, yawanci ba suga ba ne, yunwa ce ko ƙarancin jini ko rashin ruwa a jiki ko rashin barci. A gwada daidai lokacin da ake jin abin. In da gaske ƙasa da 54 ake gani ba a shan kowane maganin suga, wannan na bincike ne a asibiti, hanta da ƙoda da sauransu, kuma a duba ko wani ya ɗauki ƙwayar kaka a matsayin ta ciwon kai.

Shi Baba gwaji ya nuna ƙodarsa ta ɗan ja baya, likita ya cire Daonil ya mayar da shi ƙaramin awon gliclazide sau ɗaya da karin kumallo, gorar jiƙon kuma Inna ta zubar da ita a makwarara ba ta ko yi shawara da shi ba. Na rubuta masa 'yar takarda da sunan maganinsa da lambata tana aljihun gaban riga tare da suga huɗu a ƙulle a leda, abokan sahunsa biyu a masallaci sun san abin yi. A gefen matashinsa kuma akwai tocila da mita da gwangwani mai murfi saboda kiyashi, cike da suga mai ƙwaya. Jikoki sun gano gwangwanin, don haka duk Juma'a in na je gaisuwa sai na buɗe na ƙirga.